Ƙirjin da Babu Tabo

Mai karatu, ka sani tun yanzu akwai jini a cikin wannan takarda, kuma jinin gidana ne. In labarin daɗi kake nema, ajiye ta. In kuwa kana da ɗa mai saurin hannu, ko uba mai kunyar faɗin inda ke masa ciwo, to zauna ka karanta har ƙarshe. Ba tausayi nake nema ba.

Wasiƙu ne tsakanina da 'yata, ma'aikaciyar jinya a babban asibitin wani gari mai nisa da mu. Ni ba na yarda da waya a kan magana mai nauyi, maganar waya iska ce. Direban bas ne ke kai mana yana kawowa. Maigidana tsohon bakanike ne, bawul ɗin zuciyarsa ya tsuke har numfashi ya gagare shi. Babban ɗanmu, wanda abokan aikinsa ke kira Guduma, shi ke riƙe da garejin yanzu. Autanmu tela ne, shagonsa na jikin gida, shi ya raka uban asibiti. Ban gyara ko kalma ɗaya ba, har da waɗanda suka ƙona min rai.

*

Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da iyalinsa. Ya gwiwar taki? Ni lafiya lau, sai gajiyar tsayuwa.

Alhamdulillahi, an yi wa Baba aikin kuma an dace. Zai iso tare da wannan takarda, shi da Auta. Za ki ga bambanci tun daga bakin ƙofa. Mutumin da ba ya iya kai buta banɗaki sai ya tsaya ya huta, jiya ya zagaye barandar asibiti yana faɗa a kan keken marasa lafiya da ke ƙara, wai a kawo masa giris ya gyara musu.

Ba a tsaga ƙirjinsa ba. Likita ya ce a shekarunsa, da halin huhunsa, tsaga ƙashin ƙirji ya fi ciwon haɗari. Sai aka bi ta wata hanya da siririn bututu, aka kai sabon bawul har cikin zuciya. Hanyar da aka bi Baba zai nuna miki da kansa. Ba zan rubuta ba, na san a tsakar gida za ki karanta wa kowa.

Ki kula da waɗannan. Kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada ya yi yunƙuri, kada ya tsuguna. Ƙwayoyin da aka ba shi suna tsinka jini, ƙaramin rauni ma zai daɗe bai tsaya ba. In wurin da aka bi ya kumbura ko ya yi jini, a kwantar da shi a miƙe, a danne da ƙarfi sosai, kada a ɗaga hannu don a leƙa, sai an isa asibiti.

Ki hana shi zuwa gareji. Na san ke kaɗai yake tsoro.

'Yarki.

*

'Yata,

Na amsa gaisuwarki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Rubutunki kuwa ya lalace, sai ka ce kaza ta yi tono. Ba haka na koya miki ba.

Babanku ya iso da ƙafarsa, ya ƙi a riƙe shi. Na gode wa Allah, na gode miki. Amma takardarki ta kunna wuta a gidan nan.

Na karanta ta a tsakar gida kamar yadda kika yi zato. Da na zo kan “ba a tsaga ƙirjinsa ba”, sai Yayanku ya ajiye kofin da ke hannunsa. Da na zo kan maganar wurin da aka bi, Babanku ya yi tari irin wanda na sani, sai na tsallake sauran.

Yayanku ya ce, “Mama, tun ina ɗan yaro nake canza bawul. Ki nuna min injin da aka taɓa canza wa bawul ba a kwance kansa ba.”

Na ce mutum ba mota ba ne. Ya ce, “To direban tankar nan na bayanmu fa? Shi ma bawul aka canza masa. Ƙirjinsa kamar zik ɗin jaka, daga wuya har ciki.” Kafin kowa ya ankara ya tashi ya ɗaga singiletin ubansa a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ƙirji sumul, ko ƙwarzanen farce babu. Babanku ya doke masa hannu, ya ce, “An yi. Na ce maka an yi.” Ya ce, “Ta ina, Baba?” Babanku ya shige ɗaki.

Ni ya nuna min, da ƙyar, bayan ya sa na kulle ƙofa. Ya ce babban ɗansa ba zai taɓa sanin inda aka taɓa shi ba, balle a ji cewa mata ne suka aske wurin. A cikin bas ya sa Auta ya yi masa alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ni ma ban ga laifinsa ba. Gidan da kunya ta bari ya zama kasuwa.

Ga abin da Yayanku ya saka a ransa. Wai likitoci sun duba sun ga abin ya wuce gyara, sun ba shi allurar ƙarfi sun maido mana shi ya ƙarasa a gida, ke da Auta kun haɗa baki kun rufe masa. Ya ce haka su ma suke yi wa motar da ta gama yayi: a wanke ta, a ƙara mata mai, a ce wa mai ita ya lallaɓa.

Shekaranjiya ya tare Auta a gefen tankin ruwa. Ina kicin na ji ƙarar kai a jikin ƙarfe. Na fito na tarar ya shaƙe shi da wuyan riga yana buga shi da tankin, leɓen yaron ya fashe, jini har gaban riga. Yana cewa, “Ni ne babba. Ni za a ɓoye wa mutuwar ubana?” Auta sai cewa yake, “Yaya, ka tambayi Baba.” Na ɗauko sandar bayan ƙofa na zuba wa Yayanku a gadon baya har ya sake shi. Mutum mai 'ya'ya uku, amma na zane shi, kuma zan sake in ta kama. Wanda ya haifi maciji shi ya san inda ake kama shi.

Ki rubuto wa Yayanku abin da zai kwantar masa da hankali, amma ki san irin kalmomin da za ki sa. Ubanki ne.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki. Ki yi min uzuri, a tsaye nake rubutu.

Wannan takardar ki karanta wa Yaya ita duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya. In Baba ya yi tari, ki ba shi ruwa ki ci gaba.

Yaya, ta gindin cinya aka bi, gefen dama, inda cinya ta haɗu da mara. Akwai babbar jijiyar jini a wurin, ta miƙe har zuciya. An huda ta, an zura bututu, sabon bawul ɗin yana naɗe a bakinsa kamar lemar da aka rufe. Likita yana kallon komai a allo. Da ya isa cikin tsohon bawul sai aka buɗe shi, ya ture tsohon gefe ya zauna a gurbinsa. Ba a tsayar da zuciyar ba ma. In kana son misali irin naku, injin yana aiki aka canza masa. Na san a garejinku ba a yi, amma a nan ana yi, kuma ina tsaye a bayan gilashi aka yi wa Baba. Babu wanda ya ba shi wa'adi.

Mama, laifina ne da ban rubuta haka tun farko ba. Wurin nan rauni ne kamar kowane rauni, kuma jijiyar da ke ƙarƙashinsa in ta ɓalle ba ta jiran kunyar kowa. Dole duk baligin da ke gidan ya san inda yake. Ki raba Yaya da Auta, kuma ki raba Baba da hayaniyarsu. Na san halinsa, zai shiga tsakani.

Ki gaishe min da Auta, ki ce ya riƙa kurkure bakin da ruwan gishiri.

'Yarki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Kada ki tambaye ni lafiya. Daga benci a barandar asibitin garinmu nake rubuto miki. Na kira ki ranar, wayarki a kashe, aka ce kina ɗakin tiyata. Da kika kira daga baya na ce miki yana raye, sauran sai a takarda. Ga shi.

Wasiƙarki ta iso bayan komai ya faru. Bas ɗin ta lalace a hanya, takardar ta yi kwanaki a aljihun direba. Ya kawo min ita har nan yana ba ni haƙuri, na karanta da jinin Babanku a ƙarƙashin farcena.

Da safe ne. Babanku yana goge baki a bakin rariya, dasashinsa ya yi jini, kin san aikin ƙwayoyin nan. Ya tofar, ja. Yayanku ya shigo ɗaukar makullin gareji, ya gani. Ya fita, ni kuma na ɗauka ya tafi aiki. Ashe but ɗin motarsa ya je ya buɗe.

Auta yana kan keke yana ɗinka rigunan makaranta. Matar da ta kawo aikin tana zaune, ita ta ba ni farkon labarin. Yayanku ya shiga da sifanar taya a hannu, ya ce, “Ya fara tofar da jini. Faɗa min abin da suka ce ya rage masa.” Auta ya ce, “Wallahi an yi aikin, Yaya.” Ya ce, “Ta ina?” Auta ya ce, “Na yi wa Baba alkawari.”

Kalmar alkawarin nan ita ta gama da shi. Ya kifar da keken da ƙafa. Ya jawo ɗan'uwansa ta saman tebur, ya danne masa hannun dama a kan katako. Matar ta fita da ihu. Ni daga tsakar gida na ji sautin, kamar an taka busasshen kara. Sau biyu. Na shiga na tarar yatsun Auta sun kalli inda yatsu ba sa kallo. Yaron da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ya lalubo almakashi da hagu ya soka wa wansa a damtse. Jini ya fantsama a kan fararen rigunan mutane. Yayanku ko gezau, ya sake ɗaga ƙarfen, wannan karon saitin kai.

Sanda tana hannuna, na sauke masa a kafaɗa, a wuya, bai ma san ina yi ba. Sai ga Babanku, da buroshi a hannu, da gudu. Mutumin da aka ce kada ya yi yunƙuri. Ya kama sifanar da hannu biyu yana cewa, “Ni za ka fara kashewa, ɗan banza!” Suka yi ta ja. Yayanku ya fizge, Babanku ya tafi da baya, ya faɗa kan ƙafar keken, ƙarfen ƙafar ya same shi daidai wurin da aka bi.

Bai yi ƙara ba. Ya ce, “Wash,” ya dafe mara. Na ga wandonsa yana canza launi daga sama zuwa gwiwa, da sauri kamar an zuba shayi a kan tsumma.

Na tuna layukan da na tsallake a tsakar gida. Na kwantar da shi a kan siminti, na ɗauki almakashin nan da jinin Yayanku a jiki, na yanke wandon tun daga ƙugu. A gaban 'ya'yansa, a gaban surukarsa, ƙofar shago a buɗe, mutanen layi sun cika ta. Wurin ya kumbura kamar dunƙulen hannu, jini yana bulbulowa daga ƙarƙashin filasta. Kin san abin da Babanku yake yi? Yana lalubar yadin mutane zai rufe jikinsa. Yana cewa, “Rufe ni. Ke, rufe ni.” Na ce, “Yi min shiru, Malam.” Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa faɗa masa haka ba.

Na danne da tafin hannu biyu, na ɗora nauyina. Amma ni tsohuwa ce. Ƙarfina ya fara ƙarewa, jini yana bi ta tsakanin yatsuna, leɓen Babanku ya fara fari. Na ɗaga kai. Yayanku yana tsaye kamar an dasa shi, ƙarfen na hannunsa har yanzu.

Na ce, “Ajiye wannan. Zo ka sa hannunka nan.”

Ya durƙusa. A ɗan tsakanin da na zare hannuna ya sa nasa, ya ga ramin. Bai kai ƙwayar wake ba.

Ya ce, “Nan ne?”

Na ce, “Nan ne. Ga zik ɗin naka. Danna.”

Ya danna. Hannun da ke kwance noti ba tare da mai ba, ya danna har jinin ya tsaya. Maƙwabta suka ɗauki Babanku a kan ƙyauren da suka ɓalle, aka sa shi a bayan akori-kura, Yayanku yana durƙushe a kansa bai ɗaga ba. Nasa damtsen yana zuba a kan cikin ubansa. Auta yana gaba, ya rungume hannunsa a ƙirji, bai yi kuka ba. Duk ramin da motar ta faɗa, Yayanku sai ya ce, “Baba, kana ji na?” Can Babanku ya buɗe ido ya ce, “Ina jin ka. Kawar da idonka.” Ya kawar da ido, bai kawar da hannu ba. A asibiti sai da ma'aikata biyu suka ɓanɓare masa yatsu, sun ƙage.

An ƙara wa Babanku jini. Sun ce bawul ɗin yana nan daram, jijiyar ce ta buɗe, sun rufe ta. An ɗaure hannun Auta, an ɗinke damtsen wancan. Mutum uku daga gida ɗaya a rana ɗaya. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko haɗarin mota ne. Na ce mata a'a, tarbiyya ce ta yi faci.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki, ina yi mana jaje. Na yi magana da likitan da ke duba Baba, ya tabbatar min haɗarin ya wuce. Na nemi hutu, ban samu ba tukuna.

Na karanta takardarki a ɗakin canza kaya, na kasa komawa bakin aiki. An kai wa Baba bawul har cikin zuciya ba a karya masa ƙashi ko ɗaya ba, ya dawo gida a karya na Auta. Na ga hoton hannun. Yatsu biyu ba lalle su sake lanƙwasa yadda suke ba. Tela ne, Mama.

Zan faɗi wata magana, ki yi min duk faɗan da za ki yi. Kin ce tarbiyya ce ta yi faci. Wa ya koya wa Yaya cewa tambayar da aka ƙi amsawa da duka ake ciro ta? Ni na san inda na fara ganin haka, kuma har yau sandar tana bayan ƙofa. Wa ya koya wa Auta ya yi shiru ana karya shi? Wa ya koya min in rubuta “wata hanya”?

Ba na son jin muryar Yaya yanzu. Kada ki ba shi waya.

'Yarki.

*

'Yata,

Na amsa gaisuwarki. Gwiwa ta ƙaru tun ranar da na durƙusa a kan simintin nan. Babanku ya dawo gida, yana cin abinci, yana faɗa, wato ya warke.

Ban aike ki karatu don ki dawo ki yi min wa'azi ba. Na yi renon ku yadda na ga ya dace, kuma ba a gabanki zan ba da bahasi ba. Wannan ke nan.

Auta ya koma ɗakina da kwana. Ba ya magana da wansa, ni kuma ban tilasta shi ba. Yayanku ya ɗauki keken ya kai gareji, ya miƙe ƙafar, ya yi mata fenti, ya dawo da shi ya ajiye a ƙofar shago. Auta ya wuce ta gefensa kamar bai gani ba. Keken yana nan, ina rufe shi da leda in hadari ya taso. Rigunan makarantar da suka ɓaci, matar Yayanku ce ta je ta ba mai su haƙuri.

Na karanta wa Yayanku wasiƙarki da ta makara, duka. Babanku ya yi tari, na miƙa masa ruwa na ci gaba. Da na zo kan injin da aka canza wa bawul yana aiki, Yayanku ya sunkuyar da kai ya ce, “Da an faɗa min.” Na ce, “Da ba a faɗa maka ba ma, ɗan'uwanka ba noti ba ne.” Yanzu shi ke kai Babanku wanke rauni. Ya tsaya a bakin labule ya juya baya, Babanku yana ciki yana zaginsa.

Jiya bayan la'asar na tara su duka a tsakar gida, har da Babanku a kan kujerarsa, har da surukata. Na ɗauko sandar bayan ƙofa. Yayanku da ya gan ta ya gyara zama ya ba ni baya. Na wuce shi, na sa ta a hannun Babanku, na ce daga yau ta dogarawa ce, likita ma ya ce ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Ya ce shi ba tsoho ba ne. Na ce ya riƙe.

Sannan na kafa musu doka, kuma ke ma ta hau kanki duk ranar da kika zo. A gidan nan, duk wanda ciwo ya kama, za a faɗi sunan ciwon da inda yake a jiki, a gaban kowane baligi, ko da a inda wando ke rufewa ne, kuma babu mai sa wani alkawarin ɓoye shi. Ƙarfen gareji iyakarsa bakin ƙofa. Wanda kuma ya ɗaga hannu a kan wani a ƙarƙashin wannan rufi, ya tattara ya fita, ko wane ne.

Babanku ya ce, “Har da ke?”

Na ce, “Har da ni.”

Mahaifiyarki.